Gilashin da Ke Juya Kanshi

Ku yaran yanzu da ke ɗaga salula ku dangwala yatsa ku ce kun ɗauki hoto, ku matso in ba ku labari. Ba faɗa zan yi maku ba, ko da yake kun cancanta. Wani cikinku ya taɓa ce mani, a gaban idona, wai sana'ar hoto ai danna maɓalli ce. Danna maɓalli! Shekara talatin da wani abu ina cikinta a nan Birnin Konni, kafaɗata ta dama har ta fi ta hagu sauka saboda jaka, sannan a ce danna maɓalli. To, Allah ya shirye ku. Sunana Sha'aibu, amma in kun tambayi Sha'aibu a bakin tasha ba wanda zai gane. Ku ce yaron Baba Ummaru mai hoto. Ga furfura har gemu, amma da sunan nan aka san ni.

Abin da Baba Ummaru ya fara miƙa mani ba kyamara ba ce, tsintsiya ce. Mahaifina direban babbar mota ne mai ɗaukar siminti daga Malbaza. Shi ya kama hannuna ya kai ni shagon, ya ce, "Malam Ummaru, ga shi nan. Karatun lakwal ya ƙi shi, mota kuma tana sa shi amai." Baba Ummaru ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "In shina da haƙuri, sauran mai sauƙi ne." Shekara biyu cur ban leƙa cikin kyamara ba. Ina shara, ina rataya labulen baya wanda anka zana ma gidan bene da jirgin sama, ina goge furannin roba da tarhon da ba shi da waya. Akwai wata baƙar kwat da agogon hannu da ya daɗe da mutuwa, su muke ara ma samari in sun zo hoton da za su aika ma budurwa. Kwat ɗin nan, wallahi yawan auren da ta haɗa a garin nan ba ya ƙirguwa.

Ranar da ya fara barina in leƙa, wata mai fura ce ta zo da sabon zane. Kyamararshi ta ƙarfe ce mai cin fim, ba abin da take yi da kanta. Ka sa ido a ɗan ramin baya, ka murɗa gilashin gaba da hannun hagu a hankali, har fuskar mutum ta bar dishi-dishi ta fito tas. Shi muke kira saiti. In saiti ya kuskure da faɗin yatsa, hoto ya lalace, kuma ba ka sani sai bayan mako guda, domin sai fim ya cika talatin da shida sannan a ba direba ya kai wanki Sakkwato. Na murɗa gaba, na murɗa baya, na sake murɗawa, har baiwar Allah ta gaji da murmushi ta ce, "Malam, ɗan naka rijiya yake haƙa a ciki?" Baba ya yi dariya har da hawaye, amma bai karɓe kyamarar ba. Ya ce mata, "Yi haƙuri, ɗiyata, kowa da ranar farawarshi."

Gilasanshi biyu ne, ya saye su hannun wani injiniya da ya gama aiki a kamfanin siminti zai koma ƙasarsu. Ɗaya gajere na hoton taro, ɗaya mai ɗan tsawo na fuska. Yadda yake ji da su, ko 'ya'yanshi sai haka. Ya san su da taku: ya san daga taku nawa mutum ke cika hoto daga hula zuwa takalmi, daga taku nawa kuma ake samun kafaɗa da kai. Kowace Juma'a da safe ni ke goge su da tsumman tsohon rawani, shi kuma shina tsaye a kaina shina cewa a hankali, a hankali, ba tukunya kake wankewa ba.

Ba na manta wani Buzu makiyayi da jandarma sunka turo ya yo hoton katin shaida. Buro, wato ofishinsu, na son fuska a buɗe, shi kuma ya rantse ba ya sauke rawani daga bakinshi a gaban jama'a. Ni da ƙuruciya har na fara ɗaga murya. Baba ya ce, "Kai, fita ka ja ƙofa." Na fita, na tsaya ina leƙe ta huda. Baba ya gaishe shi da 'yan kalmomin Buzancin da ya iya, ya yi saitinshi tun rawani na rufe, sannan ya juya mashi baya ya ce in ya shirya ya yi gyaran murya. Mutumin ya yi gyaran murya, Baba ya juyo ya danna, ya sake juya baya. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Daga ranar, duk Buzun da ya sauko kasuwa da buƙatar hoto shagonmu yake tambaya. Ku nuna mani maɓallin da ke yin wannan a salularku.

Sai shekarar nan da fara ta sauka, ruwa kuma ya ɗauke kafin gero ya yi ido. Kun ji labarinta wurin iyayenku. Wanda bai san inda tiya ɗaya ta hatsi za ta fito ba ba ya tunanin hoto. Aure sai a ɗaura a watse, suna sai a raɗa a tashi. Aiki ɗaya ya rage mana, hoton masu tafiya cirani. Namiji zai tafi Abijan ko Legas ko Libiya, bai san ranar dawowa ba, sai ya tsaya a ɗauke shi ya bar ma uwarshi da matarshi abin dubawa.

Wata safiya munka hau moto, wato babur, zuwa Tajaye, an ce maza da yawa za su tashi ranar. Munka iske motarsu ta riga ta tsaya, ana ɗaura buhuna. Babban aiki irin wannan Baba ke ɗauka da hannunshi, ni nawa tsara mutane. Na jera su ɗaya bayan ɗaya jikin wata katanga, wannan a gyara mashi hula, wancan a ce ya ɗaga haɓa. Baba ya cika fim guda, motar ta tashi muna nan tsaye. Bayan mako hotuna sunka dawo daga Sakkwato. Na buɗe ambulan a bakin shago, na fara dubawa. Katangar da ke bayansu ta fito tas, har ana ganin tsagar ƙasa da ciyawar da anka kwaɓa da ita. Fuskokin kuwa, fiye da rabinsu, kamar kana hango su cikin ruwan wanki. Kuma mutanen sun tafi, babu wanda za a kira a sake ɗauka.

Sai da munka koma Tajaye munka raba su, domin ba a ɓoye ma mutane abinsu. Wata mata ta karɓi nata, ta juya shi, ta kai shi kusa da ido, ta ce, "Rigar dai tashi ce." Ta naɗe shi a bakin zane ta tafi. Da ta zage mu, da ya fi mani sauƙi. A hanyar dawowa Baba ya ce, "Ruwan wankin mutanen Sakkwato ya tsufa." Na ce, "Haka ne, Baba." Amma duk wanda ya san aikin ya san tsohon ruwan wanki ba ya zaɓe, in zai ɓata, da fuska da katanga yake ɓatawa. Idonshi ne ya fara gazawa.

A nan sai ku gane wani abu, don na san ku bakinku ba ya da linzami. A wurinmu, yaro ba ya duban maigidan da ya koya mashi sana'a ya ce mashi idonka ya gaza. Ɗan cikinshi ma ba ya faɗi, balle ni. Shi ya sani, ni na sani, ya san na sani, amma maganar ba ta da ƙofar fitowa. Na ga tabarau da ya saya a kasuwa ya ɓoye a aljihun gaba, na yi kamar ban gani ba. Sannu-sannu ya fara ce mani, "Sha'aibu, ɗauki wannan, gwiwata na ciwo." Gobe baya, jibi kafaɗa. Cikin shekara uku Baba Ummaru ya koma mai zama a benci shina amsa gaisuwa. Rannan muna cin gyaɗa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bayan babbar Salla zan koma ƙauyenmu can wajen Illela, in zauna gonar ƙanena. Ka riƙe shago." Mutumin da rabonshi da hauya tun shina saurayi! Na san in ya tafi ba noma zai yi ba, zama zai yi gindin bango shina jiran ajali. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma abin da na iya cewa shi ne, "Allah ya kai mu."

A daidai lokacin kuma fim ya fara wuyar samu. Masu wanki a Sakkwato sunka ce su yanzu kati suke so, ɗan ƙaramin abin nan da ake zarowa daga kyamarar zamani a sa a inji hoto ya fito a take. Ko mu canza ko mu rufe. Abin da munka tara na kyamara ɗaya ne, ba biyu ba. Wata biyu kafin Salla, Nasiru mai kayan lantarki, wanda ke zuwa Kano sari, ya aiko cewa ya zo da biyu, irin waɗanda ake cire ma gilashi a sa wani, kuma kamfaninsu ɗaya da ta Baba. Kuɗinsu kusan ɗaya. Munka tafi tare, ina rataye da jakar aiki kamar kullum.

Nasiru ya ajiye mana su bisa kanta. Ɗaya sabuwa fil, a kwalinta, da ledarta, da ɗan gilashinta. Ƙarama ce, jikin roba, ba nauyi, an yi ta don masu fara koyo. Allon bayanta babba ne mai haske, kuma Nasiru ya ɗauki hoto cikin kusurwar shagon mai duhu ya nuna mana, ya fito sumul. Ɗayar ta hannu ce, ta girme ta da wasu shekaru, irin ta manyan ma'aikata. Jiki kaɗai, ba gilashi, ba kwali. Fentin kusurwoyinta ya goge har ƙarfe ya fito, robar mariƙinta ta fara ɗagowa, nauyi kuwa kamar ka ɗauki bulo. Allonta ɗan tsurut. Ba wanda ya san sau nawa anka danna ta a hannun mai ita na farko, ko saura nawa ta mutu.

Baba ya ɗauki sabuwar, ya kai ta ido. Ina kallonshi. Ya matse ido, ya ɗan karkata kai, ya lalubi jikinta da yatsu bai sami komai ba, domin ita duk abin da za ka gyara sai ka shiga allo ka karanta ƙananan rubutu. Ya ajiye ta da sauri, ya fara yabonta da ƙarfi fiye da kima. "Ka ga kaya! Sha'aibu, wagga za ka ɗauka. Wa ke sayen tsohuwa? Tsoho ɗaya ya ishi shagonmu." Nasiru ya yi dariya, ni ban yi ba. Anka kira azahar, Baba ya ce shi ya yi gaba, in biyo shi in mun gama.

Da ya fita na ciro gilashin fuska daga jaka, na ce bari in ga ko zai shiga. Na ɗaura ma sabuwar, ya shiga daidai. Na taɓa maɓalli, shiru, sai da na murɗa da hannu kamar yadda munka saba. Na cire na ɗaura ma tsohuwar. Ina taɓa maɓalli sai na ji wani zuuu, gilashin ya juya da kanshi a hannuna, ya tsaya cak, ta yi ɗan ƙara tit. Saura kaɗan in yar da ita! Na leƙa, ga fuskar Nasiru tas. Na juya ga ƙofa na taɓa, ya sake juyawa, ga mai rake a ƙetaren titi tas.

Na ce, "Nasiru, wanga wane irin tsafi ne?"

Ya ce, "Haba Malam Sha'aibu, kai da sana'arka? Juyo gilashin ka gani." Ya nuna mani wani ɗan abu mai tsaga a gindin gilashin, kamar kan ƙusa. "Tsohuwar tana da ɗan inji a cikinta, shi ke kama wannan ya juya. Sabuwar an cire mata injin don ta yi sauƙi da arha, sai nata gilashin kaɗai ke yin saiti da kanshi."

Kai! Ɗan abin nan ni ke share mashi datti da tsinken ashana kowace Juma'a, shekara goma sha biyar, ina zaton ƙusa ce ta riƙe ƙarfe. Injiniyan da ya sayar bai faɗa ba, kyamarar Baba ta ƙarfe ba ta da abin juya shi, mu kuma ba mu taɓa ganin wadda ke da shi ba. Ashe duk shekarun nan gilasan sun iya saiti da kansu, mu ne muke ta murɗa su da hannu.

Yanzu ku saurara, don nan ne ku ke yin kuskure in kun zo neman shawara. Kada wani ya ce maku tsohon kaya ya fi sabo, ƙarya ce. A hoto tsagwaronshi sabuwar ta fi. Ta fi a ɗaki mai duhu, batirinta ya fi daɗewa, kuma in ta lalace akwai wanda za ka kama. In da don kaina ne, da ko waiwaye ban yi ba. Za ku ce ai ita ma da nata gilashin tana saiti, me zai hana Baba ya riƙe ta? Na gan shi da ita a hannu. Ramin leƙawarta ƙarami ne mai duhu, maɓallanta suna ɓoye cikin rubutu, gilashinta baƙo ne gare shi. Ba zai tsaya gaban mutanen da sunka san shi shekara arba'in shina lalube kamar sabon shiga ba. Tsohuwar kuwa raminta faɗi ne da haske, kuma kowane abu da maɓallinshi a waje, yatsa na iya haddace su ko ido na rufe. Gilashin da ke gabanta kuma nashi ne. Abin da za ka tambayi kanka shi ne hannun wa za ta shiga, kuma me ke cikin jakarka tun da farko.

Na biya na ɗauko tsohuwar. Nasiru sai da ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata.

Ranar na sha faɗa. Baba ya ce, "An ba ka amarya a kwalinta, ka ɗauko mana bazawara mai ciwon baya! Shekara nawa ina koya maka hankali?" Na ce saboda ƙurar siminti ne, Baba, muna yawan aiki Malbaza, wannan jikinta a toshe yake, robar can ba za ta jure ba. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar ba. Ya ce, "Ƙurar siminti! Allah ya sawwaƙe." Ban nuna mashi abin da gilashin ke yi ba, domin nuna mashi daidai yake da faɗin maganar da ba a faɗi. Na ajiye ta bisa tebur kusa da bencinshi, ko zai sa hannu. Ko kallonta bai yi ba.

Na kuma biya farashin zaɓina, kada ku ɗauka labarin daɗi ne zalla. Cikin makon, wani mai hoto da ke bayan kasuwa ya saye sabuwar. Bikin farko da munka haɗu, a gidan wani mai motoci, ɗakin amarya ba taga sai ƙwan lantarki guda. Nawa hotunan sunka fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masu gero, nashi sumul. Mata sunka yanyame shi suna kallon kansu a babban allo suna shewa, ni kuwa in na nuna nawa sai a ce, "Malam, ina nake a ciki?" Bukukuwa da dama sunka koma hannunshi, wasu ba su dawo ba har yau. Wuyana kuma kullum da ciwo. Sau da yawa na zauna na ce ma kaina, Sha'aibu, anya ba ka yi wauta ba? Ga Salla tana matsowa, Baba ya fara ɗaure littattafanshi da buzun sallarshi, har ya yi magana da mai motar da zai kwashe kayan.

Saura kwana tara Salla, wani mai lambu a Badaguishiri ya aiko. Ya sayi sabon injin ban ruwa, albasa ta yi kyau, shina son hoto a cikin lambun da shi da 'ya'yanshi, ya aika ma wanshi da ke Abijan wanda ya taimaka mashi. Na roƙi Baba ya raka ni, na ce mutumin tsaranshi ne, ni ba zan iya tsara dattijo ba. Ya yi ta gunaguni, ya dai hau. Kafin mu fita na samu tsumma na ɗaure wuyan hannuna na dama tam. Ya tambaya, na ce moto ce ta buge ni wajen tayarwa, ba komai.

Munka isa da hantsi. Lambu kore shar, ruwa na gudu a kwalbati, mai lambu ya sha babbar riga a cikin taɓo, 'ya'ya shida sun jeru, injin a tsakiya an goge shi fes. Na ciro kyamara, na ɗaga, na saki wata ƙara na dafe hannu. "Wayyo! Baba, ba zan iya ba. Nauyin ya fi ƙarfina."

Ya dube ni. Ya dubi mutanen da ke tsaye cikin rana suna jira. Mai lambu ya ce, "Ai dama Malam Ummaru nike so. Shi ya ɗauke ni ranar aurena." Babu hanyar gudu. Baba ya miƙo hannu, na sa mashi ita. Ya yi takunshi da baya kamar yadda ya saba, ya leƙa, ya yi tsaki, ya ƙara taku biyu, don kyamarar zamani tana ɗan matse abin da gilashi ke gani. Na raɗa mashi, "Ka taɓa maɓallin rabi tukuna, Baba, haka take so."

Hannunshi na hagu na bisa gilashin, shirye da murɗawa. Ya taɓa. Gilashin ya kuɓuce daga yatsunshi, zuuu, ya tsaya, tit. Baba ya daskare. Bai sauke ta daga ido ba. Ya saki, ya karkata ga injin, ya taɓa, zuuu, tit. Ya dawo ga fuskar mai lambu, zuuu, tit. Ya daɗe a haka, har ƙaramar ɗiyar ta fara ƙosawa. Sai na ji muryar nan da na yi shekara uku ban ji ba. "Alhaji, ɗaga haɓa. Kai mai jar hula, matso jikin babanka, ba baƙo ba ne. Ke 'yar baba, dube ni nan, ga tsuntsu!" Ya danna. Ya sake dannawa. Ya sa anka tada injin don ruwa ya fito a hoton, ya durƙusa cikin taɓo da gwiwar nan da anka ce tana ciwo.

Da ya gama ya miƙo mani ita, ya ce a hankali, "Duba mani." Na duba ɗan allon, na matso da hoton. Na ce, "Ya fito, Baba. Har zufar goshinshi." Ya ce, "Da katangar baya?" Na ce, "Ba katanga, Baba, fuska ce." Ya kaɗa kai, ya tafi bakin kwalbati ya wanke ƙafafunshi, ya daɗe shina wankewa.

Mai lambu ya cika mana buhu da albasa. Ni kuwa murna ta sa na manta kaina, na sunkuya na sungumi buhun da hannun dama na ɗora bisa moto, na ja igiya na ɗaure tamau. Ina juyowa na ga Baba tsaye shina kallon hannun.

Ya ce, "Sha'aibu."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Idona ya gaza, gaskiya ne. Amma bai kai ga kasa ganin maƙaryaci ba. Kwance tsumman nan."

Na kwance, kaina a ƙasa. Ban taɓa jin kunya da daɗi sun haɗu mani lokaci guda kamar ranar ba.

Ya ce, "Ƙurar siminti, ko?"

Na ce, "Akwai ƙurar ma, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ya dafa kafaɗata ya hau bayan moto. Sai da munka hau kwalta, iska na kaɗa mana riguna, sannan ya matso bakin kunnena ya ce, "Allah shi yi maka albarka. In mun isa ka biya wajen mai motar nan, ka ce mashi kada shi wahal da kanshi."

Bai koma ƙauye ba. Shekara huɗu ya ƙara shina ɗaukar hoto, da ita a wuya duk nauyinta, har ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi. Kuma a duk shekarun nan, ni da shi ba mu sake tada maganar ba ko sau ɗaya.